Jita-jitar Wayar Hannu da Mulkin Jama'a: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, da sauran masu riƙe da jama'a a ƙasashen sarakuna. Nufinsa shi ne ya bayyana yadda labarin ƙarya ya ke yaɗuwa ta dandalin sada zumunta na intanet, irin su Facebook da WhatsApp da TikTok da X, da ɓarnar da ya ke yi wa zaman lafiya da sha'anin zaɓe, da kuma abin da ya wajaba Hakimi ya yi in irin wannan labari ya shigo ƙasarsa. Ya kamata a karanta shi a tsanake, sa'an nan a bayyana wa dagatai da masu unguwa ranar da suka taru.

1. Tafiyar labari, da can da yanzu

A zamanin da, labari yana da hanyarsa sananniya. Umurni ya kan fito daga fada ya zo wa Hakimi, Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara masu unguwa, sankira kuma ya zaga gari da shela. In wani abu ya auku a ƙauye, ta wannan tsani labarinsa ya ke hawa har ya kai kunnen Sarki. Ko a lokacin nan ba a rasa jita-jita ba, gama kasuwa da bakin rijiya da tashar mota ba su taɓa rabuwa da ita ba. Amma tafiyarta tafiyar ƙafa ce, wanda ya kawo ta kuwa an san fuskarsa, an san gidan ubansa. In ta tabbata ƙarya ce, a kan kira shi ya ji kunya a gaban mutane.

Yanzu al'amarin ya sake. Yaron da ke da wayar hannu yana iya ɗaukar hoto da hantsi, kafin azahar hoton ya kai Legas da Yamai da Jidda, alhali dagacin garin bai ji kome ba. Wanda bai iya karatu ba ma jita-jita ba ta bar shi a baya ba, don tana zuwa masa ta saƙon murya da bidiyo, da harshensa na gado. Wanda ya fara ta kuwa ba a san shi ba, wataƙila ma ba a ƙasar nan ya ke ba.

2. Abin da ya sa ƙarya ta fi gaskiya gudu

Mai shiga Facebook ko TikTok ba ya biyan kamfanin ko kwabo. Kamfanin yana samun kuɗinsa ne daga masu talla, masu talla kuwa suna biya gwargwadon yawan idanun da suka ga tallarsu. Sabo da haka babban burin kamfanin shi ne mutum ya daɗe yana kallon wayarsa. Akwai wani lissafi da kwamfuta ke yi a ɓoye: tana lura da abin da ko wane mutum ya tsaya ya kalla, da wanda ya tura wa wani, sai ta ƙaro masa irinsa. Abin da ya fi tsai da mutum kuwa shi ne abin da ya ba shi tsoro, ko ya fusata shi, ko ya ba shi mamaki. Misalinsa kamar mai maganin kasuwa ne, wanda ya kan fara tara jama'a da wasan maciji kafin ya kwance ƙullin maganinsa. Lissafin nan ba ya tambaya ko labari gaskiya ne, yawan masu kallo kaɗai ya ke ƙirgawa.

An gwada wannan a fili. A shekarar 2018 waɗansu masana na jami'ar MIT ta Amurka suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan labarai kimanin 126,000 waɗanda suka yaɗu a Twitter, watau X na yanzu, daga 2006 zuwa 2017. Suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin 100, kuma kafin labarin gaskiya ya kai mutum 1,500 sai ya ci lokacin da ya ninka na ƙarya kamar sau shida.

WhatsApp yana da tasa hanyar dabam. Saƙonnin da ke cikinsa a kulle su ke, kamfanin kansa ba ya karanta su. A nan amana ce ke ɗauke da labari: mutum ya ga saƙo daga kawunsa, ko daga zauren 'yan garinsu, sai ya gaskata shi don darajar wanda ya aiko, ko da shi ke kawun shi ma turo masa aka yi.

Masu yaɗa ƙarya iri uku ne. Akwai mai neman kuɗi, domin waɗansu dandali suna biyan wanda ya tara masu kallo. Akwai mai neman mulki, wanda ya ke ɗaukar sojojin baka haya su ɓata abokin takararsa. Akwai kuma mai kyakkyawar niyya, wanda ya ga saƙon gargaɗi ya ce bari ya tsirar da danginsa. Waɗannan na uku su suka fi yawa, su ne kuma nasihar Hakimi za ta fi yi wa amfani.

3. Ɓarnar da ta ke yi wa rayuka

A ranakun 23 da 24 ga watan Yuni na 2018 aka kai hare-hare a ƙauyukan ƙasar Barikin Ladi ta Jihar Filato, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Wannan ya auku da gaske. Amma nan da nan sai hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook, a ka ce daga wurin aka ɗauko su. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa hoton wani jariri da aka yi ta turawa ya riga ya fito watanni kafin rikicin, wani bidiyo kuma an ɗauke shi ne a Kwango ta Brazzaville tun 2012. Ran 24 ga watan aka tare hanya, aka jawo mutum 11 daga cikin motoci aka kashe su. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan nan suna cikin abin da ya hura wutar.

A Indiya, ran 1 ga Yuli na 2018, mutanen wani ƙauye mai suna Rainpada a jihar Maharashtra suka kashe baƙi biyar da duka, don jita-jitar ɓarayin yara da ta yi ta yawo a WhatsApp. Ɗaya daga cikin bidiyon da suka fi tsorata mutanen ƙasar a shekarar, an yanko shi ne daga wani fim na faɗakarwa da aka shirya a Pakistan, aka cire ƙarshensa inda aka bayyana cewa wasa ne. Ko wane Hakimi ya sani zargin satar yara ba baƙon abu ba ne a kasuwannin ƙasar nan, kuma baƙo marar mai tsaya masa shi ya ke fara faɗa wa.

Ƙarya tana taɓa lafiyar jiki ma. Da cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, cikin watan Agusta saƙo ya zaga ƙasa a dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna tsare mutum. Aƙalla mutum biyu suka mutu sabo da shan gishirin, aka kwantar da waɗansu a asibiti. Cutar kanta mutum 20 ta kama a Nijeriya duka, ta kashe 8.

4. Ɓarnar da ta ke yi wa zaɓe

Mulkin dimokuraɗiyya yana tsaye ne bisa duwatsu uku, kamar murhu. Na farko, mai jefa ƙuri'a ya san gaskiyar halin 'yan takara. Na biyu, jama'a su amince da ƙidayar ƙuri'u. Na uku, wanda ya faɗi ya karɓi faɗuwarsa, ko ya kai kukansa kotu. Labarin ƙarya yana sassaƙar ukun duka.

Game da dutse na farko, a tuna da maganar Jubril na Sudan. A 2017 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi kimanin wata biyar yana jinya a Landan, ba a kuwa bayyana wa jama'a abin da ke damunsa ba. Cikin wannan shiru aka ƙago labari cewa ya rasu, an sa wani mai kama da shi a kujerarsa. Labarin ya yi ƙarfi har a watan Disamba na 2018, ana saura watanni kaɗan a yi zaɓe, sai da Shugaban ya tsaya a ƙasar Poland ya faɗa da bakinsa cewa shi ne. Waɗansu ƙarairayin kuwa daga waje a ke saƙa su. A watan Mayu na 2019 Facebook ya rufe shafuka da asusu 265 waɗanda ya ce suna da alaƙa da wani kamfani na Isra'ila mai suna Archimedes Group. Masu shafukan suna shigar burtu kamar 'yan ƙasa ne, suna sa baki cikin siyasar Nijeriya da Nijar da Senegal da Togo da Angola da Tunisiya.

Game da dutse na biyu, a zaɓen Shugaban Ƙasa na ran 25 ga Fabrairu na 2023, hukumar zaɓe ta INEC ta yi jinkirin ɗora sakamakon rumfuna a shafinta na intanet kamar yadda ta alkawarta. Kafin ta ɗora, takardun sakamako na jabu sun riga sun cika wayoyi, ko wane ɓangare yana riƙe da wadda ta nuna shi ya ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Game da dutse na uku, ko manyan ƙasashe ba su tsira ba. Bayan zaɓen Amurka na 2020 aka yi ta yaɗa cewa an yi maguɗi. An shigar da ƙara fiye da 60, kotuna ba su sami hujjar maguɗin da zai sake sakamako ba, duk da haka ran 6 ga Janairu na 2021 gungun mutane suka fasa ginin majalisar dokokin ƙasar. Ran 8 ga Janairu na 2023 aka yi makamancin haka a Brazil.

Akwai wata ɓarna kuma wadda ba ta da ƙara. Mutumin da ya saba jin ƙarya daga ko wane gefe ya kan kai ga cewa kowa maƙaryaci ne, sai ya nade tabarmarsa ya zauna gida. A 2023 mutum fiye da miliyan 93 suka yi rajistar zaɓe a Nijeriya, amma kimanin miliyan 25 kaɗai suka jefa ƙuri'a, watau wajen kashi 27 cikin 100. Dalilan wannan suna da yawa, har da ƙarancin takardun kuɗi da tsoron tashin hankali, amma rashin amincewa yana cikinsu.

Sabon abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne ƙirƙirarriyar basira, wadda da ita kwamfuta ke kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa. A watan Janairu na 2024 aka buga wa dubban mutanen jihar New Hampshire ta Amurka waya da muryar jabu ta Joe Biden, Shugaban ƙasar na lokacin, ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma yanzu ganin ma sai an bincika shi. Mai laifi kuma ya sami mafaka, don in an kama muryarsa ta gaske sai ya ce ƙirƙira aka yi.

5. Ko rufe dandali shi ne magani?

Waɗansu su kan ce a rufe dandalin nan kowa ya huta. An gwada. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni na 2021 zuwa 13 ga Janairu na 2022. Masu wayo suka ci gaba da shiga ta ɓarauniyar hanya, 'yan kasuwa masu talla a ciki suka yi asara, a watan Yuli na 2022 kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ko wane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayinsa. Ta dandalin nan ne duniya ta ji kukan iyayen 'yan matan Chibok a 2014, ta nan ne kuma talaka ya kan nuna hoton asibitin da rufinsa ya yaye har a zo a gyara.

Don haka lalle ne Hakimi ya rarrabe abu uku: ƙarya da aka ƙaga da gangan, kuskure da aka yi da rashin sani, da suka wadda ta ke gaskiya ko da tana da ɗaci. Kuskure gyara ya ke so, suka kuwa haƙuri da amsa. Ƙaryar da za ta jawo fitina akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, hukuncinta kuma aikin 'yan sanda da kotu ne. Hakimin da ya sa aka kama yaro don ya soke shi ya ƙara wa maganar yaron nauyi ne a idon jama'a.

Kamfanonin ma sun yi waɗansu gyare-gyare. Tun watan Janairu na 2019 WhatsApp ya ƙayyade tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya, a 2020 kuma ya mai da saƙon da aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya, yana sa masa alamar kibiya biyu. Amma ba za a dogara da su ba. A 2018 BBC ta tarar masu tantance labarai huɗu ne kawai ke yi wa Facebook aiki na cikakken lokaci a Nijeriya, alhali masu amfani da shi sun kai miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa cikin huɗun. A watan Janairu na 2025 kamfanin Meta, mai Facebook, ya ba da sanarwar daina aiki da irin waɗannan masu tantancewa a Amurka.

6. Darasin cutar shan-inna

Maganin da aka tabbatar yana ci an same shi a ƙasar nan, tun kafin wayoyin zamani su yawaita. A 2003 aka yaɗa cewa maganin rigakafin shan-inna yana hana haihuwa, har Kano da waɗansu jihohi suka dakatar da bayar da shi. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, cutar kuwa ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20 waɗanda da sun rabu da ita. Jita-jitar nan tana da saiwa: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani cikin binciken da ya haɗa yara 200 a Kano, 11 suka mutu. Mutane ba su manta ba.

Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar masu riƙe da jama'a. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi. Sarakuna da Hakimai suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a bainar jama'a, dagatai da masu unguwa suka riƙa raka ma'aikata gida gida. A 2016 aka ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Nijeriya, a Jihar Borno, ran 25 ga Agusta na 2020 kuma aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Mutane sun karɓi maganin domin sun san wanda ya ce musu su karɓa, sun kuma san zai kwana cikinsu gobe.

7. Aikin Hakimi da malaminsa

Na ɗaya. Malamin Hakimi ya buɗe littafi na musamman. Duk jita-jitar da ta shigo ya rubuta ranarta, da inda aka ji ta, da abin da ta ce, da wanda aka aika ya bincika, da abin da aka tarar. Bayan shekara guda littafin zai nuna lokutan da ƙarya ta fi yawa, da ƙofofin da ta ke shigowa.

Na biyu. Kafin a gaskata labari a yi masa tambayoyi huɗu. Wa ya fara faɗa? Ya gani da idonsa? Yaushe, kuma a ina? Wa zai ci riba in an gaskata? Saƙon da ba shi da suna ko kwanan wata, wanda kuma ya ke roƙo a tura shi da gaggawa, abin zargi ne.

Na uku. A duba hoto da kyau: lambar mota, da rubutun allunan kantuna, da tufafin 'yan sanda, da ko damina ce ko rani. Akwai hanyar neman asalin hoto a Google, ya kamata ko wane malami ya koye ta. Ƙungiyoyi irin su Dubawa da Africa Check suna buga sakamakon labaran da suka tantance.

Na huɗu. In abin a ƙasar Hakimi aka ce ya auku, ya kira dagacin wurin ko ya tashi manzo, sa'an nan ya tuntuɓi baturen 'yan sanda, ko jami'in lafiya, ko shugaban ƙaramar hukuma, gwargwadon irin labarin. Ya sanar da fada nan take.

Na biyar. A yi magana da wuri, ta ƙofar da ƙaryar ta shigo. Hakimi ya yi gajeren saƙon murya, ya faɗi sunansa da sarautarsa da kwanan wata, da harsunan da a ke ji a ƙasarsa. Ya faɗi abin da aka tabbatar, da abin da a ke kan bincike, da lokacin da za a sake jin bayani. A roƙi limamai da shugabannin coci da sarkin kasuwa da shugabannin tasha su maimaita. Kada a sake tura hoton ƙaryar, ko da don a ƙaryata shi.

Na shida. In jama'a sun kewaye baƙo bisa zargi, a fara tsirar da ransa, a miƙa shi ga 'yan sanda. Bincike ya biyo baya.

Na bakwai. A lokacin zaɓe, baturen zaɓe na hukumar da ta shirya zaɓen shi kaɗai ke da ikon bayyana sakamako. Hakimi uban kowa ne, kada ya tura saƙon wata jam'iyya, kuma ya ƙaryata ƙarya ko da ɓangaren da ke mulki ta ke yi wa amfani.

Na takwas, wanda ya fi sauran nauyi. Kada Hakimi ya taɓa musun abin da ya auku da gaske, don neman kwantar da hankali ko don rufa wa wani asiri. In an kai hari, ya ce an kai. In an kama shi da ɓoye gaskiya sau ɗaya, ranar da zai ƙaryata labarin da zai iya ƙone gari ba wanda zai saurare shi. Amanar da jama'a suka ba shi ita ce makaminsa a wannan aiki, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa labarin da ke fusata mutane ya fi samun masu kallo a dandalin sada zumunta?
2. Bayyana duwatsu uku da mulkin dimokuraɗiyya ke tsaye a kansu, da yadda ƙarya ke taɓa ko wanne.
3. Mene ne bambanci tsakanin ƙarya da kuskure da suka, kuma yaya Hakimi zai bi da ko wanne?
4. An turo saƙon murya ranar kasuwa cewa an ga ɓarayin yara a tasha. Rubuta matakan da Hakimi da malaminsa za su ɗauka cikin sa'a ta farko.